Ranar da Aka Ce In Ɗauke Ƙwallona

A zauren gidana na Batsari akwai ƙusoshi biyu a bango, daidai kafaɗa, dama da ƙofa. Ni na kafa su da hannuna, bayan na ja igiya na tabbatar ɗaya ba ta fi ɗaya bisa ba. A kansu nake kwantar da sandar Bature a da. Duk wanda ya zo gaishe ni sai ya ga sandar kafin ya gan ni, kuma haka nake so.

Bari in faro daga farko, don ban iya ba da labari ta wata hanya ba.

A zamanin Turawa ni malamin hanya ne a ƙarƙashin En'e. Karatuna bai wuce elementare ba, amma na iya awo, na iya jan igiya, na iya sa lebura ya haƙa inda aka ce ya haƙa. Ba ni da yawan dariya. In zan yi magana nakan jera ta: da farko kaza, na biyu kaza, na uku kaza. Saboda haka ne taubashina, ɗan kawuna da ke aikin hujin shanu, wato yi musu rigakafi, a Safana, ya laƙaba mini Malam Da-farko. Na girme shi nesa ba kusa ba, amma tsakanin ɗan mace da ɗan namiji babu girma. Abin da ya ga dama shi yake faɗa mini, a gaban kowa, kuma al'ada ta ɗaure mini hannu.

Wata shekara aka turo mana wani Baturen gona, mai koya wa mutane noma da shanu. Ya sauka a barikin bayan gari, ya daɗe, kaɗaici ya ishe shi. Yana da wata doguwar jaka cike da sanduna masu kan ƙarfe, da wasu 'yan ƙwallaye farare masu tauri kamar ƙwallon goriba. Da aka gama yankan gero sai ya roƙe ni lebura su share masa saurar da ke bayan bariki. Ni na yi awon. Muka haƙa ramuka nesa da juna, muka binne gwangwanin madara a kowane, muka share kewayensa, muka zuba rairayin rafi muka daɓe, muka kafa kara da jan tsumma a kai. Wasan shi ne wanda Turawa ke kira golf. Mu muka sa masa ƙwallon rami.

Tun da ba shi da abokin yi, sai ya koya mana. Akwai ni, akwai wani matashin malamin elementare, akwai sarkin fawa, akwai wani dillalin fata na kasuwa, sai taubashina da ke zuwa daga Safana a kan keke. Mutum biyu ke karawa. Kowa ya riƙa bugun ƙwallonsa daga nesa har ya faɗa gwangwani. Wanda ya jefa da bugu kaɗan shi ya ci ramin, wanda ya fi yawan ramuka shi ya ci wasa.

Sauran sun so wasan ne don bugun. Ni dokokinsa suka ja ni. Ba a magana in mutum zai buga. Wanda ƙwallonsa ya fi nisa da rami shi ke fara bugawa. Babbarsu kuwa, ba a taɓa ƙwallo da hannu, inda ya kwanta nan za a buge shi. Ko da naka ya zo ya tsaya tsakanin na abokin karawarka da rami, ya toshe masa hanya, ba ruwanka, ƙaddararsa ce. Sai dai ya kewaya, ko ya tsallake in ya iya. Wannan muka kira shinge. Kafin rani ya ƙare na haddace dokokin kaf, har Baturen kan ce a tambaye ni in gardama ta tashi.

Da aka yi masa canji ya kwashe jakarsa, amma ya bar mana tsoffin ƙwallaye da sanda guda. Ya ce kowace kaka a kara, wanda ya ci ya riƙe ta har kaka ta zagayo. Sauran sandunanmu wani maƙeri a Wagini ya ƙera mana kawunansu da ƙarfen fartanya, muka sa musu ƙotar gora. Suna bugu, amma in ka jera su da ta Bature sai ka ga jaki a gefen ingarma.

Maganar Baturen ta yi mini gajarta, don haka na ƙara mata tsari. Da farko, shekara ɗaya a kara a Batsari, ta gaba a Safana. Na biyu, in an yi kunnen doki, sanda ta zauna inda take. Na uku, wanda aka karɓe wa sanda shi zai goge ta, ya shafa mata mai, ya kai ta da kansa har ƙofar gidan wanda ya ci, ya miƙa da hannu biyu. Lokacin da nake jera wannan na ukun, fuskar taubashina nake gani yana tsaye a ƙofar gidana.

Gaskiya ni ba gwanin bugun nesa ba ne. Ƙwallona ya san kowane kututturen dawa da kowace ƙarangiya a wannan saura. Amma mutumin da ya yi shekaru yana jera duwatsu a bakin kwalbati ya san inda ake ajiye abu ya tare hanya. Da mun kusa rami, sauran su nufi gwangwani, ni in nufi tsakanin gwangwani da ƙwallon abokin karawata. In gangara nawa a hankali, ya je ya zauna daram kamar jakin da ya ƙi tashi a tsakiyar turba. Sandar fartanya ba ta iya ɗaga ƙwallo ya tsallake wani. Dole mutum ya kewaya, ya yi asarar bugu, wani lokaci haushi ya sa ya yi asarar biyu. Da wannan na ci kakar farko, da shi na ci waɗanda suka biyo, sandar ta saba da ƙusoshina.

Taubashina kan ce, "Kai ba wasa kake ba, aikin hanya kake. Bambancin kawai, can kana buɗewa, nan kana toshewa."

In ce, "Doka ta hana?"

"Ba ta hana ba."

"To, buga."

Ana nan sai wani ƙaramin Bature mai rangadi ya sauka a bariki. Yana jin Hausa irin ta littafi, kowace kalma a tsaye. Da la'asar ya fito ya tarar ina karawa da malamin elementare, ya yi mamakin ganin wasan ƙasarsu a bayan Batsari, ya bi mu yana kallo. A wani rami na yi wa malamin shinge mai kyau, na ja baya na naɗe hannu, ina jiran yabo.

Baturen ya yi dariya ya ce, "Malam, wannan an daina shi."

Na ce, "Wa ya daina, ranka shi daɗe?"

"Manyan wasan, can ƙasarmu. Sun zauna sun sake doka. Yanzu in ƙwallon mutum ya tare maka hanya, sai ka ce ya ɗauke. Ya sa alama a wurin, ka buga, sannan ya mayar."

"Da hannu?"

"Da hannu."

Na tambaye shi dalili. Ya ce sun ga babu adalci mutum ya sha wahala a kan abin da ba laifinsa ba. Na so in ce masa ba laifinsa ba ne, amma gwanintata ce, sai na haɗiye. A raina na ce, ashe har dokar Turawa tana tsufa a cire ta kamar riga. Na koma gida na zauna a zaure na daɗe ina kallon sandar.

Amma ni ne mai cewa doka doka ce. Ni ne na taɓa sa sarkin fawa ya buga ƙwallonsa daga cikin kashin shanu, yana roƙo ina girgiza kai. Ranar Juma'a bayan an sauko na tara su a gindin tsamiyar bakin saura, na tsaya na karanto musu da ka. Da farko, shinge ya tashi. Na biyu, wanda aka tare wa hanya sai ya nema da bakinsa a ɗauke. Na uku, mai ɗaukewa ya sa alama, ya mayar daidai inda ya ɗauka. Na faɗa da murya ɗaya, ba wanda ya ga komai a fuskata.

Taubashina ba ya nan ranar. Labari ya same shi a kasuwar Safana, ya aiko wani mai goro da saƙo: a gaya wa Malam Da-farko ya riƙa shafa wa sandar mai sosai, ba ya son tsatsa.

Nan da nan wasan kowa ya sake. Da can mutum kan yi ɗari-ɗari kusa da rami, yana lissafin inda za a tare shi. Yanzu kowa ya miƙe ya nufi gwangwani kai tsaye. Malamin elementare ya binne gwangwani a bayan ajinsa, yana gwaji kullum in an tashi yara. Kowa kuma ya nemi abin alama ya sa a aljihu. Malamin ya ciro maɓallin tsohuwar taguwa. Dillali ya samo wuri. Sarkin fawa ya fara da ƙwayar wake, har ranar da wata kaza ta biyo ta tsince alamar ana kallo, aka yi ta gardamar inda ƙwallon yake har rana ta yi sanyi. Daga nan ya koma ɗan guntun ƙashi. Tsakaninsu sai ka ji "ɗauke mini" da "kauce mini" kamar a bakin rijiya.

Ni ban sake komai ba. Na ci gaba da yin shingena, don dokar ba ta hana yi ba, ta dai ce in an nema a ɗauke. Abin mamaki, na ci gaba da ci.

Na kara da sarkin fawa, na tare shi. Ya zo ya tsaya a kan ƙwallona, ya dube shi, ya dube ni, ya ce, "Allah gafarta malam, wannan ƙwallo naka ya samu wuri mai kyau."

Na ce, "Ya samu."

Ya sosa ƙeya, ya kewaya.

Na kara da dillali, na tare shi. Sai ya jingina da sandarsa ya shiga gaishe ni, alhali tun safe muke tare. Ina gajiya, ina iyali, yaya aka ji da jama'a, yaya ƙafar da ta yi ciwo bara. Yana gaisuwa idonsa na kan ƙwallona. Na amsa kowace a jere yadda ta zo, har ta ƙare, na ce masa rana na yi. Ya kewaya.

Malamin elementare kuwa, mahaifinsa abokina ne, ni na riƙe ragon sunansa aka yanka. In na tare shi sai ya yi gyaran murya, ya yi ɗan tari.

"Baba..."

"Na'am?"

"Ba komai."

Har na taɓa ba shi shawara ya sha citta da kanumfari, tarin nan ya daɗe masa.

Na riƙa gaya wa mutane a zaure cewa mai tsari ba ya jin canjin doka, masu garaje ne ke shan wahala. Na faɗi wannan sau da yawa, ina nuna sandar da haɓa.

Kaka ta zo, shekarar kuma ta Safana ce. Filinsu na bayan garken da ake hujin shanu, ƙasarsa ta fi tamu tauri. Aka yi ta karawa ana zubar da mutane, har ya rage ni da taubashina. Ranar ƙarshe mutane sun taru fiye da kullum, har wasu manoman ƙauyen Zakka da suka zo sayar da wake suka ɗaure jakunansu suka tsaya kallon manya na bin ɗan farin ƙwallo.

Tun ramin farko yake tsokanata.

"Tsoho, ka yi bankwana da ita jiya? Ka bar ta ta kwana kusa da kai?"

"Ba a magana in mutum zai buga."

"Ai ba kai nake wa magana ba, da sandata nake."

Ya fi ni bugun nesa, na fi shi haƙuri. Ya ci wannan, na ci wancan. Duk tsawon wasan ban samu damar shinge ba, don yakan kai ƙwallonsa dab da gwangwani, ba wurin tarewa. Muka iso ramin ƙarshe ba wanda ya fi wani. A nan ƙwallona ya ziyarci wani kututture, ya zama in na yi bugun da ke gabana na fi shi yawan bugu da ɗaya. Nasa yana kan rairayi, da ɗan nisa da rami. Lissafin a fili yake: in ya jefa da bugun da ke gabansa, ya ci. In ya kewaya sai ya yi biyu, mu yi kunnen doki, sanda ta koma Batsari bisa doka ta biyu.

Na gyara tsayuwa, na auna da ido kamar ina jan igiya, na gangara ƙwallona. Ya tafi a hankali, ya karkata, ya zo ya zauna a bakin gwangwani, daidai kan hanyarsa, ko zare ba zai wuce ba. Ban taɓa yin shinge mai kyansa ba, kafin ranar ko bayanta. Na ja baya na naɗe hannu.

Taubashina ya kewaya ƙwallon sau ɗaya. Ya durƙusa ya leƙa ta bayan nasa. Ya kira mutanen Zakka ya ce su matso su ga aikin malamin hanya, ba kullum ake samun irinsa ba. Sannan ya miƙe, ya kaɗe gwiwar wandonsa, ya ce da ƙarfi:

"Kauce, tsoho. Ɗauke ƙwallonka."

Na ji maganar kamar an watsa mini ruwan randa. Tun da furfura ta fito mini ba wanda ya ce mini kauce, ko a kasuwa.

Na ce, "Da farko..."

"Da farko an wuce shi. Muna kan na biyu. Na nema da bakina. Ko bakin bai isa ba, in aro na sarkin fawa?"

Dokata ce, da muryata aka ji ta a gindin tsamiya. Na matsa, na sa hannu a aljihu don in ɗauko alama. Na ciro carbi. Na ciro igiyar awo. Na koma ɗaya aljihun, na ciro hankici da asuwaki. Na laluba aljihun gaba, na laluba naɗin hula. Babu maɓalli, babu wuri, babu ko ƙwayar wake.

Taubashina ya buɗe ido ya riƙe haɓa.

"La'ilaha! Mai doka ba shi da alama? Tun da aka sake dokar nan ba ka taɓa sunkuyawa ba?" Ya juya wajen malamin elementare. "Kai malam, bai taɓa tare ka ba?"

Malamin ya sunkuyar da kai, ya yi ɗan tarin nan nasa.

"Sarkin fawa, kai fa?"

Sarkin fawa ya ce, "Yo ni da wane baki?" ya cusa fuska a hannun riga, kafaɗunsa na rawa.

A nan tsaye, da carbi a hannu ɗaya da asuwaki a ɗaya, na gane tarin, na gane doguwar gaisuwar dillali, na gane yabon wuri mai kyau. Manyan wasan can ƙasarsu sun ce a nema a ɗauke, ba su san akwai garin da yaro ba ya iya ce wa abokin ubansa ya sunkuya ba. Duk cin da na yi tun daga ranar tsamiya, kunyar mutane na ci. A ƙasar Batsari da Safana kaf mutum ɗaya ne Allah ya ba bakin da zai iya gaya mini, shi ne kuma ke tsaye a gabana yana ɓare goro.

Ya gutsiri goron ya miƙo mini guntun.

"Ungo, aro na ba ka. Ka dawo mini da shi."

Na karɓa. Na sunkuya, gwiwoyina suka yi ƙara har mutanen Zakka suka ce sannu. Na ajiye guntun goron, na ɗauke ƙwallon, na koma gefe. Akwai sauran fata, don tazarar ba ƙarama ba ce, kuma shi mai garaje ne. Ranar bai yi garaje ba. Ƙwallon ya bi ta gefen goron ya faɗa gwangwani, ƙwal.

Na ɗaure fuska na miƙa masa sandar nan take, don a gama. Ya mai da hannuwansa baya.

"A'a. Na uku. A goge, a shafa mai, a kai ƙofar gida, hannu biyu. Ni ba na karya doka, gidanmu ba a yi."

Haka na ɗaure sandar a keke na koma da ita Batsari, na goge ta, na shafa mata man gyaɗa, ranar kasuwar Safana na sake ɗaure ta na koma. Na tarar ya shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida ya tara maƙwabta. Ya bar ni na yi sallama har sau uku kafin ya fito yana tambayar wane ne.

Da na dawo na kira malamin elementare na yi masa faɗa. Na ce me ya hana shi nema, alhali doka ta ba shi?

Ya ce, "Baba, in na ce ka sunkuya, da wane ido zan dubi mahaifina?"

Na ga ba za a gyara wannan da faɗa ba, sai da tsari. Juma'ar da ta biyo na sake tara su a gindin tsamiya na ƙara doka ta huɗu: in babba ya tare ƙarami, babban ya ɗauke da kansa, ba sai an nema ba. Suka karɓa da murnar da ta ɗan yi mini yawa. Daga ranar malamin elementare ya warke daga tari, ya kuma shiga cinye ni a kai a kai. Dillali ya rage gaisuwa. Na binne gwangwani a tsakar gida ina koyon nufar rami kai tsaye, abin da ya kamata in koya tun zuwan Baturen gona, amma hannu ya riga ya saba. Ko babu ƙwallon kowa a wurin, nawa sai ya je ya tsaya a bakin rami yana gadi.

Sandar ba ta sake kwana a Batsari ba. Ƙusoshin suna nan, na rataya musu laima. Taubashina kuwa ya kafa nasa a zaurensa, a karkace, ɗaya ta fi ɗaya bisa da kusan taƙi, na kuma tabbata da gangan ya yi. Duk lokacin da na je Safana yakan shimfiɗa mini buzu daidai ƙarƙashin sandar, ya bari in zauna, in gyara riga, a kawo fura, in kai ludayi baki. Sannan ya ce:

"Kauce, tsoho, ka tare mini sandata."

In tashi in matsa, tun da ya nema da bakinsa.